Na'urar hango namun daji ta zafin jiki: Abubuwan lura kafin a saya a kudancin Kano

A 'yan shekarun nan na'urar da ke nuna dabba cikin duhu ta hanyar zafin jikinta ta fito daga hannun sojoji da masu bincike, ta shiga kasuwa. Ana tallarta a shafukan intanet, 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai da Sin suna ganinta a kantuna, kuma farashin ƙananan cikinta ya sauko har ya kai inda mai gona ko mai garke zai iya tunanin mallakarta. Sai dai kaya ne mai tsada, wanda lambobin da ke jikin kwalinsa kan ruɗi mai saye. Kuskure wajen zaɓensa asarar kuɗi ne, kuskure wajen fassara abin da yake nunawa kuwa yana iya kaiwa ga asarar rai. Wannan maƙala ta tattaro abin da ya kamata a sani, tare da la'akari da yanayin ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, inda gonaki da makiyaya da gandun daji suke maƙwabtaka da juna.

Yankin da buƙatarsa

Babban gandun namun daji na Jihar Kano shi ne Dajin Falgore, wanda faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Kano zuwa Jos kuma ta bi ta cikinsa. An keɓe shi tun zamanin Turawan mulkin mallaka da sunan gandun Kogin Kano, aka ɗaga matsayinsa zuwa gandun namun daji a shekarun 1960. A ƙarshen shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanya shi cikin gandaye goma da ta amince a mayar da su gandayen ƙasa. Daga arewacinsa akwai Madatsar Ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A Ƙaramar Hukumar Ƙiru kuma, inda mazaɓar Badafi take, akwai Dajin Dansoshiya da gwamnatin jihar ta buɗe rugar makiyaya a cikinsa a 2020.

An san Falgore a da da gwanki da mazo da gada da gadu da kura da dila da gwaggon biri. Farauta da kiwo da saran itace sun rage su matuƙa, shi ya sa sanin abin da ya saura ya zama aiki mai muhimmanci ga ma'aikatan gandun daji da ɗaliban jami'a masu nazarin dabbobi. Ban da su, akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati mazauna birni da suke da gonakin masara da shinkafa da rake ko garken shanu a yankin, waɗanda suke son masu gadinsu su san abin da ke motsi a gefen gona ko bayan shinge da dare. Waɗannan duka buƙatu ne na gaskiya, amma ba na'ura iri ɗaya ce take biyan su ba.

Yadda take aiki

Kowane abu yana fitar da wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani, gwargwadon ɗuminsa. Masanin taurari William Herschel ne ya gano wannan haske a Ingila a shekarar 1800. Jikin mutum da na dabbobi masu shayarwa, wanda zafinsa na ciki yake tsakanin digiri 37 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyas, yana fitar da shi a zangon da tsawonsa ya kama daga maikuromita 8 zuwa 14, kuma wannan zangon ne na'urorin hannu suke karɓa.

Sassanta muhimmai uku ne. Akwai madubin gaba da ke tattaro hasken, wanda ake yi da wani ma'adini mai tsada da ake kira jamaniyam, domin gilashi na yau da kullum ba ya barin wannan haske ya wuce. Akwai farantin ji a ciki, mai ɗauke da dubban ƙananan ɗigogi, kowanne yana auna ɗumin da ya sauka a kansa. Sai ƙaramin allo da ido ke kallo, inda ake mayar da bambancin zafi ya zama hoto, abu mai ɗumi ya fito fari, mai sanyi ya fito baƙi, ko akasin haka idan mai amfani ya sauya.

Ya kamata a bambanta ta da tabarau na ganin dare, wanda ke nuna hoto kore. Shi wannan yana ƙara ƙarfin ɗan hasken wata ko na taurari ne, don haka yana buƙatar haske ko da kaɗan, ko fitila ta musamman. Na'urar zafi ba ta buƙatar haske ko kaɗan, tana aiki dare da rana, kuma ba ta fitar da wani haske da zai firgita dabba. Abin da take gani shi ne bambancin zafi tsakanin dabba da abin da ke bayanta. Idan bambancin ya yi yawa hoto ya fito tar, idan ya ragu dabba ta narke cikin daji. Kusan duk abin da za a faɗa a gaba ya rataya ne a kan wannan.

Hangowa daban, ganewa daban

Lambar da ta fi jan hankalin mai saye ita ce ta nisa. Za a ga an rubuta mita 1,300 ko 1,800 ko fiye. Wannan lamba tana nufin nisan da na'urar za ta nuna cewa akwai wani abu mai ɗumi, galibi mai tsayin mutum, a fili mai sarari da yanayi mai kyau. A wannan nisa abin da ake gani ɗan farin tabo ne kawai.

Tun a 1958 wani mai bincike a rundunar sojin Amurka, John Johnson, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita. A taƙaice, ana buƙatar abu ya cika ɗigo kamar 2 kafin a hango shi, ɗigo kamar 8 kafin a rarrabe irinsa, wato ko mutum ne ko dabba mai ƙafa huɗu, sannan ɗigo kamar 13 kafin a tabbatar da ko mene ne. Ko a hakan ma, ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa rabin masu kallo ne za su dace. Saboda haka mai saye yana iya raba nisan da ke jikin kwali gida huɗu ya sami nisan rarrabewa, ya raba shi gida shida ya sami nisan tabbatarwa.

Akwai lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi da wayarsa. A raba girman ɗigo da tsawon madubi, amsar ita ce faɗin da ɗigo ɗaya yake rufewa, a mita, a nisan kilomita ɗaya. Na'ura mai ɗigo na maikuromita 12 da madubi mai milimita 35 tana ba da 0.34, wato kowane ɗigo yana rufe santimita 34 a kilomita ɗaya. Da irin wannan na'ura, saniya mai tsayin mita 1.2 za a hango ta daga kimanin mita 1,700, a rarrabe ta daga mita 440, a tabbatar da ita daga mita 270. Gada mai rabin mita za a hango ta daga mita 730, a rarrabe ta daga mita 180, a tabbatar daga mita 110. Zomo kuwa sai ya matso ƙasa da mita 50 kafin a ce lallai zomo ne. Idan aka sauko zuwa madubi mai milimita 19, waɗannan lambobi suna raguwa kusan rabi: gadar nan ba za a tabbatar da ita ba sai a mita 60.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A mita 500, akuya da gada da kare da yaron da ya durƙusa suna iya fitowa kusan iri ɗaya a allo. A yankin da ya sha fama da satar shanu, inda masu gadi da 'yan banga suke cikin shiri, wannan batu ya wuce na fasaha. Farin tabo dalili ne na a ƙara lura, a jira, a kalli yadda abin yake tafiya, a haska fitila ko a yi kira. Bai isa hujjar ɗaukar mataki a kan kowa ba.

Lambobin da ke jikin kwali

Na farko shi ne yawan ɗigogin farantin ji. Waɗanda aka fi samu su ne 160×120, da 256×192, da 384×288, da 640×512, sai manya masu 1280×1024. Mai 160×120 ta dace da duba wayar lantarki ko injin da ya yi zafi, amma ba ta da amfani sosai a daji. Mai 256×192 tana biyan buƙatar kewayen gida ko shinge. Daga 384×288 ne ake fara samun hoton da za a iya dogara da shi wajen gane dabba, mai 640×512 kuma tana ɗauke da ɗigogi kusan ninki uku na mai 384×288. A nan akwai tarkon da masu talla kan ɗana: su rubuta lambar ƙaramin allon da ido ke kallo, misali 1024×768, su ɓoye ta farantin ji. Lambar farantin ji ita ce abin tambaya.

Na biyu shi ne girman ɗigo, wanda galibi maikuromita 12 ne ko 17. Idan madubi ɗaya ne, mai 12 ta fi kusanto da abu, kuma na'urar ta fi ƙanƙanta. Mai 17 tana karɓar ɗumi da yawa a kowane ɗigo, abin da kan taimaka a lokacin raɓa da laima. Babu wadda ta fi wata a kowane hali.

Na uku shi ne tsawon madubi, kamar milimita 19 ko 25 ko 35 ko 50. Dogon madubi yana ƙara nisa amma yana tsuke faɗin abin da ake gani. Na'ura mai 384×288 da ɗigo 12 tana nuna faɗin kimanin mita 24 a nisan mita 100 idan madubinta 19 ne, mita 18 idan 25 ne, mita 13 kacal idan 35 ne. Mai 640×512 da madubi 35 tana nuna kimanin mita 22. Wannan shi ne ainihin abin da ake biya idan aka sayi babban faranti: ana samun nisa ba tare da an rasa faɗi ba. A cikin itatuwan doka da maje da marke na Falgore, inda da wuya ido ya yi tafiyar mita 200 bai ci karo da wani abu ba, faɗi ya fi nisa amfani. A bakin ruwan Tiga ko a buɗaɗɗiyar gona bayan girbi, dogon madubi yana da ranarsa. Akwai kuma lambar buɗewar madubi, wadda ake rubutawa f/1.0 ko f/1.2, ƙaramar lamba tana nufin ɗumi ya fi shiga.

Na huɗu shi ne kaifin ji, wanda ake rubutawa da haruffan NETD, a auna shi da mK. Idan an rubuta 25 mK, ana nufin na'urar tana iya bambanta abubuwa biyu da tazarar zafinsu ta kai kashi 25 cikin 1,000 na digiri ɗaya. Ƙaramar lamba ta fi kyau. A daren sanyi mai 40 mK da mai 20 mK duk za su nuna dabba. Bambancinsu yana bayyana ne bayan ruwan sama ko cikin zafin bazara, lokacin da komai ya kusa zama ɗumi ɗaya. Kamfanoni ba sa auna wannan lamba ta hanya ɗaya, don haka ba a yanke hukunci da ita kaɗai.

Sai saurin sauya hoto, da ake aunawa da Hz. Mai 9 Hz tana nuna hoto yana tsalle-tsalle idan ana juya ta ko dabba tana gudu. Ana yin irinta ne saboda dokokin Amurka na fitar da kaya sun fi sassauci ga na'urorin da ba su wuce wannan sauri ba. Mai 25 Hz tana wadatarwa, mai 50 Hz ta fi daɗin kallo, musamman daga kan mota ko babur. Zuƙowa ta lantarki, wadda ake rubutawa 2x ko 4x ko 8x, ba ta ƙara komai a hoto; tana kumbura ɗigogin da ke akwai ne kawai, hoton ya ƙara dusashewa.

Yanayin kudancin Kano

Yawancin bidiyon tallan waɗannan na'urori a Turai ake ɗaukar su, a daren da ƙasa ta yi sanyi ƙalau, barewa ta fito kamar fitila. Mai saye a Kano ya kamata ya auna abin da yanayin ƙasarsa.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi dacewa. Dare yana da sanyi, iska a bushe take, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, itatuwa da yawa sun zubar da ganye. Na'urar tana ratsa hayaƙi da ƙura marar kauri fiye da ido, ko da yake hazo mai nauyi yana rage mata nisa. Abin da kan ruɗi mai kallo a wannan lokaci shi ne kututturen da ke ci da wuta a ciki kwana da kwanaki bayan gobarar daji.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40. Ƙasa da duwatsu suna ɗaukar zafin da ya fi na jikin dabba, kuma ba sa sakinsa da wuri. A wuraren duwatsu irin na Riruwai a Doguwa, dutse yana iya ci gaba da haske a allo har tsakar dare, suri ma yakan yi haka. Dabbar da ta tsaya a gaban irin wannan dutse tana iya ɓacewa, ko ta fito baƙa maimakon fara. Akwai kuma ɗan lokaci bayan fitowar rana da wajen faɗuwarta da zafin abubuwa yake daidaita, hoto ya zama toka-toka. A wannan yanayi lokacin da ya fi kyau a duba shi ne daga tsakar dare zuwa asuba.

Damina ita ce mafi wahala. Laimar iska tana shanye hasken zafi, ruwan sama yana daidaita ɗumin komai, jiƙaƙƙen gashi yana ɓoye zafin dabba, gamba da masara kuma suna fin mutum tsayi. Wato a daidai lokacin da amfanin gona yake tsaye, manomi ya fi buƙatar gani, a lokacin ne na'urar ta fi rauni. Abin da ke taimakawa shi ne a duba daga wuri mai tudu, kamar rumfar gadi mai tsayi, a kuma share ciyawar gefen gona.

Abin da ba ta gani

Na'urar ba ta ratsa bango, ba ta ratsa gilashin mota ko na taga, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa, kuma ba ta ganin abin da ganye mai kauri ya rufe gaba ɗaya. Maciji da kada da damo da guza jikinsu yana bin zafin wurin da suke ne, saboda haka sau da yawa ba sa fitowa. Wanda ya dogara da ita don kauce wa kububuwa ko kasa a kan hanya ya yi kuskure. Fitila da takalmi mai rufi su ne kariyarsa. Tsuntsaye irin su zabo da fakara suna fitowa, amma gashinsu yana rage hasken, kai da ƙafafu ne suka fi bayyana.

Ya kamata kuma mai gona ya fara sanin mai yi masa ɓarna. Jan biri da gwaggon biri da rana suke shiga gona, da dare suna barci a kan itace ko dutse; tabarau na hangen nesa na yau da kullum, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin na'urar zafi ba, ya fi dacewa da su. Beguwa da gyazbi da gafiya su ne masu aikin dare a gona, kura da dila kuma a kusa da garke. Idan waɗannan ne matsalar, na'urar tana da amfani.

Batir, ƙura da ƙarko

A ƙauyen da babu wutar lantarki, batir ya fi kowane ado muhimmanci. Na'ura mai batir da ake cirewa, musamman irin 18650 da ake samu a kasuwa, ta fi wadda batirinta yake manne a ciki, domin ana iya riƙe na ajiya, kuma idan ya mutu ba a rasa na'urar gaba ɗaya ba. Yana da kyau ta karɓi caji ta USB daga fawa-banki ko sola. Sa'o'in da kamfani ya rubuta an auna su ne ba tare da kunna ɗaukar bidiyo ko haɗawa da waya ba, don haka a sa ran ƙasa da haka.

Alamar IP67 tana nufin ƙura ba ta shiga, kuma na'urar tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na ɗan lokaci. A ƙasar hunturu wannan ba abin wasa ba ne. Madubin jamaniyam yana da rufi mai laushi. Goge shi da gefen riga alhali akwai ƙura a kansa yana karce shi. A fara hure ƙurar, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Ba a nuna ta ga rana kai tsaye, domin hakan yana iya ƙona farantin ji, ba a kuma barin ta cikin rufaffiyar mota da tsakar rana. Ɗan ƙaran da take yi lokaci-lokaci, hoto ya tsaya na daƙiƙa guda, ba lalacewa ba ce. Tana daidaita ɗigoginta ne.

Wasu suna zuwa da ma'aunin nisa na leza. Yana ƙara kuɗi, amma yana da fa'ida, domin a hoton zafi ido ba ya iya kintata nisa, kuma sai an san nisa ake sanin girman abu. Ga mai ƙidayar dabbobi wannan kusan wajibi ne. Ɗaukar hoto da bidiyo ma yana taimaka wa ma'aikacin da zai kai rahoto ofis.

Wacce ta dace da wa

Mai gadin garke ko gonar da ba ta wuce kadada kaɗan ba, wanda abin da yake so shi ne ya san ko wani abu ya matso cikin mita 100 zuwa 150, na'ura mai 256×192 ko 384×288 da madubi 19 ta ishe shi. Mai babbar gona ko mai sintiri a gefen daji zai fi jin daɗin 384×288 da madubi 25 ko 35. Hukuma ko mai bincike da ke son gane nau'in dabba daga nesa, 640×512 da madubi 35 ko 50 da ma'aunin nisa ita ce ta dace, tare da maɗori mai ƙafa uku, domin rawar hannu tana ɓata hoton dogon madubi. Ƙananan da ake maƙalawa a waya suna da araha, amma hasken allon waya yana tona asirin mai kallo, yana kuma kashe masa ido a duhu.

Daga cikin kamfanonin da aka sani akwai Pulsar ta ƙasar Lituweniya, da HIKMICRO da InfiRay da Guide na ƙasar Sin, da Teledyne FLIR ta Amurka. Farashi yana farawa daga ɗaruruwan daloli ga ƙanana, ya kai dubbai ga manya, kuma da yake da dala ake sayo su, kuɗinsu a naira yana bin canji. Jami'in da ke sayen kaya wa hukuma ya auna ko na'ura ɗaya mai tsada ta fi matsakaita uku da za a raba wa ƙungiyoyin sintiri uku. A gandun Masai Mara na Kenya, inda aka fara ba masu gadin daji irin waɗannan na'urori a 2016 da tallafin ƙungiyar WWF, an haɗa su ne da horo da motoci da hanyar sadarwa. Na'ura ba ta maye gurbin ma'aikaci.

Matsayin doka

A Najeriya, kayan ganin dare da na sa ido suna cikin kayan da ake sanya wa ido wajen shigowa da su, kuma Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro shi ke ba da takardar shaidar mai amfani ga irin waɗannan kaya. Ɗan kasuwar da ke son shigo da su ya nemi bayani daga wannan ofis da Hukumar Kwastam kafin ya biya kuɗi, domin kayan da suka iso babu takarda ana iya riƙe su. Wadda aka ɗora a kan jirgi marar matuƙi tana buƙatar ƙarin izini daga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama. Na'urar hannu ta kallo daban take da wadda ake ɗaurawa a kan bindiga. Ta biyun ta shiga batun makamai, ba kuma ita ce abin da mai gona yake buƙata ba.

Falgore daji ne da ke da filin atisayen soja da shingayen bincike a kan hanya. Wanda aka samu da irin wannan na'ura da dare babu takarda zai sha tambayoyi. Hikima ita ce a riƙe rasit da lambar na'urar, a sanar da dagaci ko mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin cewa akwai ta a gona kaza a hannun wane. Shiga gandun daji don kallo ko bincike yana buƙatar izinin hukumar da ke kula da shi. Farauta a cikin gandun ba tare da izini ba laifi ne, kuma dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta kama ko cinikin nau'o'i da dama. Na'urar da ke taimaka wa mai gadi ita ce kuma za ta iya ƙarar da ragowar namun dajin cikin ƙanƙanin lokaci idan ta faɗa hannun maɓarnaci, shi ya sa mai ita yake da alhakin sanin wanda ya ara wa.

Kafin a biya kuɗi

Cinikin biri a sama ba ya yi a irin wannan kaya. Idan da hali, a gwada ta da dare a fili: a sa mutum ya tsaya a mita 100, da 200, da 300, ya tsuguna, ya shiga bayan ciyawa, a ga inda ake daina gane shi. A dafa bango da tafin hannu a cire. Na'ura mai kaifi za ta nuna sawun hannun. A nuna ta ga bango mai zafi ɗaya a duba ko akwai ɗigon da ya mutu ko layin da ba ya gushewa. A tabbatar tana da abin daidaita hoto a madubin gaba da wani a wajen ido, musamman ga mai sanye da tabarau. A duba lambar jikinta ta yi daidai da ta kwali, a kuma tambayi mai sayarwa a rubuce inda za a kai ta idan ta lalace, domin gyaran farantin ji ko madubi galibi sai an mayar wa kamfani.

Bayan saye, wanda zai riƙe ta yana buƙatar makonni yana koyon karanta hotonta a kan abin da ya riga ya sani: shanun garke, awakin gida, karnuka, mutanen da ke dawowa daga gona. Da haka ne zai san yadda kowanne yake tafiya da tsayuwa a allo, kafin ranar da zai hango abin da bai sani ba a bakin daji.